NANA ASMA'U 'YAR SHEHU DA MATAN DA BA A LISSAFA DA SU A KARATU

 

Da wuya ka shiga babban gari a Arewa ba ka tarar da wata islamiyya ko makarantar 'yan mata mai sunan Nana Asma'u ba. A Jami'ar Bayero ta Kano har ɗakin kwanan ɗalibai mata akwai mai sunanta. Amma tsayar da ɗalibar irin wannan makaranta ka tambaye ta, wace ce Nana Asma'u? Za ta ce maka 'yar Shehu Usmanu ce. Me ta yi? Ta rubuta waƙoƙi. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Masu nazarin zamantakewar al'umma, idan suna so su gane ko ilmi ya wadaci jama'ar wata ƙasa, ba sa tsayawa ga ƙirga ajujuwa. Sukan duba yaron da ke zaune a aji su tambaya: ɗan wa ne, ɗan mai hali ko ɗan talaka? Namiji ne ko mace? Wane harshe ake yi a gidansu? Sannan su leƙa ta taga su tambayi abin da ya fi waɗannan nauyi, wato wa aka bari a waje? Nana Asma'u ba ta taɓa jin sunan wannan fanni ba, amma tambayoyin nan su ne suka cinye rabin rayuwarta, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan lokaci, a shekarar 1793, daidai da 1208 bayan Hijira. 'Yan biyu ne, ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a ce mata Hassana ko Usaina, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'isha da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ya sa shaƙuwarta da Bello ta yi ƙarfi, ko da yake ya girme ta da fiye da shekara goma.

Gidan da ta buɗe ido a ciki gidan Toronkawa ne, Fulanin da suka gaji allo da littafi kaka da kakanni. A nan ba abin mamaki ba ne a ga mace da tawada a yatsa. Iyayenta mata sun yi karatu, yayyenta irin su Khadija sun yi karatu. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihun Malikiyya, da tauhidi, da tasawwufi, da sira, ta ƙware a Larabci har tana tsara baiti da shi. Fulatanci harshen gida ne, Hausa harshen maƙwabta da kasuwa, kuma tana jin Buzanci.

To amma kada mu ɗauka cewa haka duk ƙasar Hausa take a lokacin. Tun kafin a haife ta, sa'ad da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma gundarin amsar shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan abin da ake gudu muni, balle ma ana keɓe musu wurin zamansu daban. Daga baya a littafinsa Nurul Albab, Shehu ya caccaki malaman da suke tara almajirai a zaure don a ce su manyan malamai ne, alhali matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu suna cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. Ku lura fa, har da bayi ya ambata. Wannan kalma ɗaya za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Tana kimanin shekara goma sha ɗaya duniya ta juya musu. Sarkin Gobir Nafata ya riga ya kafa dokar hana maza rawani da hana mata lulluɓi, sai ga Yunfa ya hau ya ƙara matsa lamba. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, da yara da tsofaffi da littattafai cikin gafaka. Aka yi nasarar Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, amma kafin ta ƙare aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu. Aka yi yunwa, aka yi annoba, aka yi ta sauya masauki. Yarinyar nan duk a idonta aka yi. Ta ga mata sun wayi gari zawarawa, ta ga marayu, ta ga yadda yaƙi ke yi da mace ko da a ɓangaren da ya ci nasara take. Cikin waɗannan shekaru ne aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. A nan ma akwai abin da ya shafe mu mutanen Zazzau kai tsaye, domin a tsarin daular, Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas. Ke nan harkokin ƙasar nan tamu da ta haɗa Ikara da Makarfi da Kudan ta gidan da Nana Asma'u take uwargida suke bi kafin su isa gaban Sarkin Musulmi. Gida ne na baƙi da wasiƙu da malamai matafiya. Ko Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 a hannun Giɗaɗo ya sauka.

Mace mai irin wannan matsayi, 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, da ta so sai ta yi zamanta tana musayar baitocin Larabci da malamai, sunanta ya shiga littafi. Kuma ta yi hakan ma. Littafinta Tanbihul Gafilina da Larabci ta rubuta shi a 1820, tana da shekara ashirin da bakwai. Ta taɓa tarbar wani malami baƙo ɗan ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau, da ƙasidar Larabci. Sai dai abin da take gani a bayan katangar gidanta bai bar ta ta tsaya nan ba.

Me take gani? Ƙasar Sakkwato bayan jihadi ta cika da mutanen da ba su zauna majalisin Degel ba. Akwai Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da aka ci ƙasarsu. Akwai matan da aka kamo a yaƙi aka rarraba su gidaje a matsayin kuyangi da ƙwaraƙwarai. Akwai bayin da aka zaunar a rinji suna noma. Akwai matan ƙauye 'ya'yan talakawa, Musulmi a suna, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu alwala. Mafi yawan waɗannan ba sa jin Fulatanci, Larabci kuwa ba a ma maganarsa. Idan ciwo ya kama ɗa, ko haihuwa ta zo da gardama, ko kishiya ta dame su, wurin da suka sani shi ne wurin 'yan bori. A Gobir kuwa bori ba wasan gefen gari ba ne. Akwai sarautar Inna, babbar mace ta gidan sarauta, ita ce shugabar bori, tana da fada da mabiya da kwarjini. Kuma waɗannan matan su ne ke goyon 'ya'yan daular, su ne ke yi musu tatsuniya da dare.

Yanzu dubi yadda ilmi ya kasu a wannan ƙasa. Larabci yana sama, na malamai da alƙalai. Fulatanci yana biye, shi ne harshen da Shehu ya fi tsara waƙoƙin wa'azinsa da shi, na jama'ar gida. Hausa, wadda ita ce harshen mafi yawan mutane, ita ce ta fi ƙarancin rabo. Wato harshen da aka haife ka a cikinsa shi ke yanke yawan abin da zai iso kunnenka na addini. Idan aka haɗa maka da talauci, aka kuma haɗa da kasancewa mace wadda ba ta fita, to ƙofa uku ce aka rufe a kanki.

A ganina babban aikin Nana Asma'u ya fara ne daga ranar da ta yanke shawarar sauko da karatu cikin Hausa. A farkon shekarun 1830 ta mayar da wata waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Har gobe ana rera ta. Akwai wata waƙarta mai suna Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka cikin 'yan baitoci kaɗan don a haddace cikin sauƙi. Ta fara yin ta da Fulatanci, bayan wasu shekaru ta fito da Hausa, daga baya kuma da Larabci. Abu ɗaya, harshe uku, kowa da ƙofar da zai shiga.

Wani misalin ya fi wannan daɗi. Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya miƙa mata. Ita kuma ta tsara shi waƙa da Fulatanci a 1836, shekara ta zagayo ta yi shi da Hausa, wato Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta kawo iyayen muminai, da 'ya'yan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta ƙara da abin da ya ba ni sha'awa: ta sa matan zamaninta, matan Degel da Sakkwato waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu. Kamar tana ce wa baiwar Allah da ke surfe a tsakar gida, wannan layin bai ƙare a Makka da Basra ba, ya iso har unguwarku.

A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke, inda Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Shekara ɗaya bayan nan, a 1837, Bello ya rasu a Wurno. Rasuwar ta girgiza ta. Ita da Giɗaɗo suka duƙufa tattara tarihin Shehu da na Bello kafin waɗanda suka gani da ido su ƙare, shi yana rubutawa a zube da Larabci, ita tana tsarawa a waƙa. Daga nan ne aka samu tarihin jihadin da aka fi sani da Waƙar Gewaye. Kuma cikin waɗannan shekaru ne ta kafa abin da ya fi duk waƙoƙinta tasiri, wato 'Yan Taru.

Ku ba ni aron hankalinku a nan, domin tsarin ne abin kallo. Matsalar da ke gabanta ita ce matar aure mai goyo da ciki da girki, a ƙauyen da ke da tafiyar kwana biyu ko uku daga Sakkwato, ba za ta iya zuwa makaranta ba. Mijinta ba zai bari ba, hanya ba aminci, aikin gida ba zai jira ba. Nana Asma'u ba ta tsaya jayayya da wannan hali ba. Sai ta duba su wa ke iya tafiya ba tare da an yi tsegumi ba? Tsofaffin mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba su kai aure ba. To su za su zo. A kowane ƙauye ko yanki a zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a ba ta shugabanci, a kira ta jaji. Kalmar daga bakin fatake aka aro ta, jaji shi ne mai jan ayari. Jaji za ta tattaro ayarinta, su taso a ƙafa har gidan Waziri, su zauna gaban Nana, a biya musu waƙa baiti baiti har ta zauna, a yi musu bayanin abin da ke ciki, su kawo tambayoyin da matan ƙauyensu suka aiko da su, na tsarki, na iddar mamaci, na zaman aure, na rikicin gida. Sannan su koma su shiga gida gida su sauke abin da suka ɗauko.

Ga inda hikimar ta fi fitowa. Idan za a naɗa jaji, Nana da kanta take ɗora mata malafa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malafar nan fa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori. Matan ƙasar sun saba da cewa mace mai malafa mace ce mai iko, wadda ake kai wa kuka. Nana Asma'u ba ta ƙone malafa ba, ba ta yi wa'azin cewa hular 'yan bori ce ba. Ta ɗauke ta daga kan Inna ta ɗora a kan malama. Mace ta hango malafa ta taso da damuwarta kamar yadda ta saba, sai ta tarar da addu'a da hukuncin shari'a a inda a da take tarar da girka. Har littafi ta rubuta a 1839, Tabshirul Ikhwan, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, domin ta san ba za ka raba mai ciwo da abin da ya dogara da shi ba sai ka ba shi madadi. Masu wa'azinmu na yau, da ni da ku, akwai abin dubawa a nan.

Ayarin ba ya zuwa hannu rabbana. Sukan zo da hatsi, da zuma, da man shanu, da sawaye na saƙi, sadaka. Nana ba ta tara su. Ana rarraba wa makafi da guragu da zawarawa da marayun gari. A ƙauyukansu kuma 'Yan Taru su ne masu wankan gawar mace, masu zama da mai naƙuda, masu sharar masallaci, masu sulhunta ma'aurata. Ilmin bai tsaya a baki ba.

In kana so ka san darajar da take ba irin waɗannan mata, dubi waɗanda ta yi wa marsiyya. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta, ta yi wa manyan malamai, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma cikin takardunta akwai marsiyyar Halima, maƙwabciyarta, wadda abin da aka yabe ta da shi shi ne kirki da gyara zumunci. Akwai ta Zaharatu, mai taimakon mata wurin haihuwa da suturta mamata. Akwai ta Hauwa'u, wata jaji da ta shekara da shekaru tana jan ayari. Babu 'yar sarki a cikinsu. Ba don alƙalamin Nana ba da yau ko sunansu ba wanda ya sani. A zamanin da ake ajiye tawada don sarakuna da shehunnai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma ƙaunar bayin Allah ba ta hana a faɗe ta. Nana Asma'u ba ta rushe bambancin matsayi ba. Daular da ta rayu a ciki tana da bayi masu yawa, manyan gidaje irin nasu da bayi suke tafiya, kuma ba ta fito ta yaƙi wannan tsari ba. Karatun da matar ƙauye ta samu ta hannun jaji na haddar waƙa ne da sanin farillai, bai kai zurfin wanda 'ya'yan gidan Shehu suke samu ba, masu buɗe manyan littattafai. Kuma ƙarfin 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato da kewayenta yake. Mu nan gefenmu, akwai wata tsohuwa da aka sani da Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa ta ƙasar Rogo, ba nisa da mu. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a Giwa daga 1949 zuwa 1950 ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Wanda ya karanta zai ga rinji da bayi a ƙuruciyarta, zai kuma ga bori na nan daram a tsakanin mata har tsufanta. Wato aikin da Nana ta fara bai gama isa ko'ina ba. Abin da ta yi shi ne ta tsaga ƙofa a bangon da ba shi da ƙofa, kuma ta yi hakan daga cikin gidan mulki, inda ba abin da ya tilasta mata.

Bari in ɗan tsallako zuwa zamaninmu kafin mu koma mu ƙarasa tarihinta, don a ga cewa tambayoyin nan ba su tsufa ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 suka kawo nasu karatun, da wa suka fara? Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara nema, maza zalla. Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa ta Zariya, ita ma maza. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano da Katsina, shekara ashirin da ɗaya bayan ta maza. Aka zo 1976 aka yi shelar firamare kyauta ga kowa. Aka zo 1989 aka kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya, hedikwatarta ma a Kaduna take. Duk an yi, kuma an samu ci gaba, ba mai musu.

Amma fita da hantsi ranar makaranta ka zaga. Yarinyar da ke ɗauke da farantin rake ko mazarƙwaila a bakin titin Makarfi, 'yar wa ce? Ba 'yar ma'aikaci ba ce, ba 'yar mai shago ba ce. 'Yan matan da ake kwasa tsinkar tattasai da tumatir a fadamun Hunkuyi da Likoro lokacin kaka fa? 'Yar Fulanin da ta taso daga ruga tun asuba da ƙwaryar nono ta nufi kasuwar Ikara, wace islamiyya ce take da sunanta a rajista? Ƙauyukan Maguzawa da muke maƙwabtaka da su shekara aru-aru, waɗanda suka musulunta a cikinsu, wa ya bi matansu har gida ya koya musu Fatiha? Alhamdu lillahi, islamiyyun matan aure sun yawaita, kuma alheri ne babba. Amma mafi yawansu a cikin gari suke, da kuɗin wata, da kayan makaranta iri ɗaya, da lokacin da ya dace da matar da ke da mai taya ta aiki. Wadda ta fi kowa buƙata ita ce ba ta zuwa. Mu muna gina aji mu jira ta. Nana Asma'u aika mata take yi.

To mu koma. Giɗaɗo ya rasu a farkon shekarun 1850, ɗansu Abdulƙadir kuma shi ne ya riƙe wazirci. Tsufa bai sa ta ajiye alƙalami ba. Waƙoƙinta na Hausa na wannan lokaci sun fi karkata ga tauhidi da tuna lahira, irin su Dalilin Samuwar Allah da waɗanda ke bayanin tsayuwar alƙiyama, ga kuma Begore ta begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka yi fari ta tsara waƙar roƙon ruwa. Abin da ya iso mu na rubutunta ya kai kimanin sittin, tsakanin waƙa da zube, cikin harsuna uku.

Ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Waɗanda suka ɗauki aikin bayanta su ma abin lura ne. Shehu yana da wata sa-ɗaka mai suna Mariya, ita ta haifi Maryam da Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware. 'Ya'yan baiwa ke nan a lissafin mutane, amma a hannun Nana suka yi karatu. Isa shi ne ya mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa. Maryam kuwa, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo kuma ta koma gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta gaji shugabancin 'Yan Taru. Bayanta Ta Modi ta karɓa. Haka ayarin mata ya ci gaba da zuwa, Turawa suka zo suka tarar da shi, suka tafi suka bar shi, galibinsu ba su ma san yana nan ba, domin ba su ga gini ba, ba su ga allo a bango ba.

Takardunta kuwa suna nan a gidan Waziri, ana gadonsu hannu da hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu, wanda yake daga zuriyarta. Shi ne ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, waɗannan takardu. Ta bi ƙauyuka ta tarar da tsofaffin jajoji da ransu, da malafarsu, suna rera waƙoƙin da aka biya wa kakanninsu. Ta fitar da tarihin Nana da Turanci a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara rubuce-rubucenta suka buga a 1997. Ta wannan hanya labarin ya ƙetare teku, har wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karantar da mata suka sa mata suna 'Yan Taru, shugabarsu kuma suna kiranta jaji.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, da Maryam, da Hauwa'u jaji, da sauran matan da suka taka ƙasa da ƙafa ba a rubuta sunansu ba. Amin.